Soke haraji da jangali a 1979: gyara aka yi ko ɓarna?

Nura:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da magana a kan harajin da gwamnatocin jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano suka soke, kuma na san akwai iyayenmu a nan da suka ga abin da idonsu. A watan Oktoba na 1979, hawan Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna ke da wuya suka ce daga yau babu haraji, babu jangali. Har gobe ana yabonsu a kai. Ni kuwa a ganina tun daga nan ƙananan hukumominmu suka koma zaman jiran kason wata daga tarayya. Mutumin da bai ba da ko kwabo ba, da wane baki zai tambayi shugaban ƙaramar hukuma ina rijiya, ina magani a asibiti? Shi ma shugaban, tunda ba daga aljihun mutanen gari albashinsa ke fitowa ba, me zai sa ya ji shakkarsu? Abin da ya kamata a gyara ne aka rushe don neman farin jini. Ina son jin ta bakin manya.

Baba Audu:
Wa alaikumus salam. Nura ɗana, ka yi tambayar ne kamar haraji kuɗi ne kawai da mutum zai miƙa a ba shi rasit ya koma gida. Mu da muka tashi a ƙauye tun kafin 'yancin kai mun san ba haka abin yake ba.

Da an yi girbi, tun hatsi bai gama shiga rumbu ba, za ka ji sankira yana shela. Hakimi ya aiko wa dagaci adadin da ake nema a ƙasarsa, dagaci ya raba wa masu unguwa, mai unguwa ya bi gida gida. Abin da ke rubuce a littafi daban, abin da ake karɓa daban, domin duk hannun da kuɗin zai bi sai an yi masa aringizo. A lokacin kowa ke fitar da gero da dawa kasuwa don neman kuɗin, farashi ya faɗi warwas, masu hali su saye su kimshe. Tsakiyar damina, rumbunka ya ƙare, ka koma ka sayi hatsin naka a ninki, ko ka ci bashi a kan gonar da ba ta nuna ba. Wanda ya kasa biya a kai shi ƙofar dagaci a shanya shi a rana. Na ga dattijo mai furfura zaune a ƙasa an ɗaure shi da igiya, an hana shi sunkuyar da kai, 'ya'yansa na tsaye daga nesa suna kallo. Yaro kuwa idan ya ɗan yi tsawo sai a ce ya ɗaga hannu a duba hammatarsa, da an ga gashi an rubuta shi cikin masu biya. Samari da yawa ba neman kuɗin aure ya fara kai su cin rani ba, gudun wannan ranar ne.

Sai kuma siyasa ta shigo. Idan aka san kai ɗan NEPU ne, jam'iyyar talakawa da daga baya ta haifi PRP, harajinka ba ya zama daidai da na maƙwabcinka. Ka yi ƙorafi a ce ka zagi sarki, a kai ka gaban alkali, shi ma alkalin ma'aikacin En'e ne, wato hukumar gargajiya ta sarki, ɗan dokan da ya kamo ka na En'e ne, gidan yarin da za a kai ka na En'e ne. Ina za ka kai ƙara? To wannan ne aka soke, ɗana. Ranar da aka faɗa a rediyo akwai tsofaffin da suka yi kuka.

Hajiya Rabi:
Baba Audu, Allah ya saka da alheri. Bari in ƙara abin da maza kan manta. Sunan mace ba ya cikin littafin haraji, amma sau da yawa ita ke biya. Idan aka tsare maigida, akuyar wa ake kaiwa kasuwa? Kakarmu ta sha ba mu labarin yadda ta sauke tasoshin jerenta na aure, waɗanda uwarta ta tara mata ɗaya bayan ɗaya, ta ba yaro ya kai wa dillaliya don a sako kakanmu kafin magariba. Kuɗin ƙuli-ƙuli da na kaɗi da na fura, nan suke tafiya. Duk da haka matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai a 1976, wajen zaɓen ƙananan hukumomi, alhali matan Kudu sun daɗe suna yi. Abin da Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kansa ke nan. Saboda haka maganar cewa mai biya shi ke da bakin tambaya, Nura, mu mun biya shekara da shekaru ba a ba mu bakin ba.

Alhaji Tijjani:
Salamu alaikum. Ni jikan dagaci ne, kuma ba zan ce ba a yi zalunci ba, an yi. Amma Baba Audu, a yi wa kowa adalci. Shi ma dagacin a matse yake. Idan kuɗin ƙasarsa bai cika ba rawaninsa ne a bakinsa, akwai waɗanda suka sayar da dokinsu da gonarsu suka cike giɓi, akwai waɗanda aka tuɓe aka ɗaure a kan kuɗin haraji. Wulaƙancin daga sama yake gangarowa.

Sannan a duba abin da aka yi da kuɗin. Da kuɗin Baitulmalin En'e ta Kano aka jawo ruwan famfo daga Challawa aka kawo wutar lantarki birni a 1931. Asibitin cikin birni da yanzu ake kira da sunan Murtala, En'e ce ta gina. Makarantun elamantare, ɗakunan shan magani na gundumomi, rijiyoyin siminti, malaman gona da na daji, duk daga nan ake biyansu. Kuma ana bin sawun kuɗin. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi, duk ƙarfinsa, binciken kuɗin En'e aka kafa masa, ya bar gadon sarauta a 1963 ya koma Azare. Yau wane shugaban ƙaramar hukuma ne ake tuɓewa don lissafi bai cika ba?

Abin da ya fi damuna shi ne littafin. Mai unguwa ya san kowane magidanci, ya san wanda ya haihu, wanda ya mutu, wanda ya tashi, da baƙon da ya sauka jiya da gidan da ya sauka. Dole ya sani, tunda za a tambaye shi. Da aka soke haraji wannan sanin ya tafi tare da shi. Yanzu mutum zai shekara a gari da makamai a ɗaki mai unguwa bai san sunansa ba. Ina tare da Nura, a rage kuɗin, a hana duka, a hana aringizo, amma a bar tsarin.

Malam Habibu:
Ina biye da ku tun ɗazu. Bari in ɗan koma baya, don rigimar ta girmi NEPU, ta girmi Turawa ma.

Tarihin sarakunan Kano ya nuna Kutumbi, a ƙarni na 17, shi ya fara karɓar jangali a hannun Fulani. A zamanin Kumbari an matsa wa kasuwar Kurmi da karɓe-karɓe har Larabawa 'yan kasuwa suka tashi suka koma Katsina. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙ ya lissafa jangali da kuɗin gari da kuɗin salla cikin abubuwan da yake tuhumar sarakunan Haɓe da su. Bayan jihadi kuma wasu daga ciki suka dawo da wasu sunaye: kuɗin ƙasa, kuɗin shuka, kuɗin rafi, kuɗin karofi. Da Baturen mulki Lugga ya ci ƙasar sai dokarsa ta 1906 ta tattara su wuri guda, aka tura hakimai su bar birni su zauna a gundumomi don karɓa, aka kafa Baitulmali, sarki da hakimi suka koma 'yan albashi. A ƙasar Kano har malaman taki aka sa suna auna gonaki da ƙafa. Abu mafi nauyi shi ne daga baya an daina karɓar wuri da hatsi, sai kuɗin Bature. Ina manomi zai samo sule? Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanoni suka buɗe kanti suna sayen gyaɗa. Dalar gyaɗar da muke alfahari da hotonta, haraji na cikin abin da ya tara ta.

Yanzu ga maganar Alhaji Tijjani. Gaskiya ne ana bin lissafi, amma wa ke bi? Di'o da Razdan, daga baya gwamnatin Arewa da ke Kaduna. Lissafin sama yake hawa, ba ya saukowa wurin mai biya. Talaka bai taɓa zama an karanta masa abin da aka tara da abin da aka kashe ba. Kuma famfon da aka ja a 1931 birni ya sha, mutumin ƙauyen da ya fi kowa biya yana nan da gugarsa.

Da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, su Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin da sauransu, abin da suka sa a gaba shi ne En'e ta koma hannun zaɓaɓɓun talakawa. Malam Aminu yana koyarwa a Maru lokacin, ya ajiye aiki a ƙarshen shekarar, ya zama shugaban jam'iyyar a 1953. A zaɓen 1951 NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a Kano, amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma an ba En'e dama ta cusa mutanenta kashi goma cikin ɗari a matakin ƙarshe. Aka tashi NEPU ba ta da kujera ko ɗaya a majalisar Arewa da ke Kaduna. Mai biyan haraji ya nemi baki ta hanyar ƙuri'a, aka toshe. Wannan ya sa maganar ta rikiɗe daga a gyara zuwa a soke.

Nura:
Na gode Malam. To amma a 1979 ai En'e ɗin da kuke faɗa ta riga ta mutu. Sojoji sun karɓe kotunan alkalai da 'yan doka da gidajen yari tun zamanin Gowon, gyaran 1976 kuma ya kawo ƙananan hukumomi. Tunda an raba sarakuna da bulala, me ya hana a bar harajin a hannun sababbin hukumomin?

Baba Audu:
A takarda ta mutu, ɗana. A ƙauye wa ke karɓa har 1979? Dagacin nan ne dai da mai unguwar nan, da dogarin hakimi a bayansu. Haraji shi ne igiyar ƙarshe da ta rage a hannunsu, kuma kowa ya san da ita za a ja mutane ranar zaɓe. Ka je ƙauye ka ce a dangwala wa makulli, alamar PRP, mutum ya ce maka yana so, amma kaka na zuwa, kuma ba kai za ka zo karɓar haraji ba. Shi ya sa muka ce a tsinke ta.

Bappa:
Assalamu alaikum iyayena. Kowa na ta haraji, jangali an bar shi a baya, ni kuwa a ruga aka haife ni. Shi da damina ake karɓarsa, lokacin da shanu ke zaune wuri ɗaya saboda shuka. Baffana ya ce da an ji labarin masu ƙirga sun taso, sai a raba garke cikin dare, samari su kora rabi cikin sunƙuru su kwana biyu can cikin sauro da ruwa. Idan aka gane, a ci tara, wani lokaci a kama bijimi mafi kyau a ce na hakimi ne. Ga ciyar da masu ƙirgar, ga nono da man shanu na gaisuwa. Wasu sukan tsallaka ƙasar Faransi su dawo bayan an gama. Ba wanda ya yi baƙin ciki a rugarmu da aka soke.

Amma akwai abin da tsofaffinmu suka riƙa faɗa daga baya, kuma ya yi kusa da maganar Alhaji Tijjani. Rasit ɗin jangali shi ne shaidar Bafulatani cewa shi ɗan ƙasar hakimi kaza ne. Hakimi na da kaso a ciki, saboda haka ba ya son Fulani su tashi daga ƙasarsa. Idan manomi ya cinye burtali ko ya shuka a bakin mashaya, arɗo zai je ya faɗa, kuma a saurare shi. Malaman dabbobi na zuwa allurar bushiya. Gwamnatin Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965. Da jangali ya tafi, arɗo ya zama ba shi da abin da zai kai fada, ba shi da abin da zai karɓo. Aka yanka burtali aka yi gonaki, aka raba dazuzzukan kiwo ga masu kuɗi, ba mai cewa uffan. Da bushiya ta dawo a 1983 garkuna da yawa sun ƙare kafin allura ta iso.

Ban ce soke jangali ne ya haifi abin da ke faruwa a dazukan Zamfara da Katsina ba, abin ya fi haka yawa. Amma yau ƙauyuka na tara miliyoyi su kai wa 'yan bindiga kafin a bar su su yi shuka ko girbi, makiyayin kirki ma yana ba da shanu don a bar masa sauran. Wannan ma sunansa haraji a bakin mutanen yankin, kuma ba shi da rasit.

Isuhu:
Gaisuwa daga Maraɗi. Ku ba ni wuri in sa baki, don mu ma mun sha namu. A wajenmu Nijar lanho, wato harajin kai, har mata ana ƙirgawa, ga aikin tilas da Faransa ba ta soke ba sai 1946. Garuruwa da dama na bakin iyaka a wajenku, kakanninsu daga nan suka gudo saboda gardin kwamanda. Ku kuna gudowa nan da shanu, mu muna gudu can da iyali.

Jam'iyyar Djibo Bakary ma Sawaba ake kiranta, kamar kirarin NEPU, kuma talakawa da 'yan ƙwadago da ƙananan 'yan kasuwa ne ƙarfinta. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 Djibo ya ce a ce a'a ga De Gaulle, Faransa ta haɗa kai da sarakuna aka kayar da shi, a 1959 aka haramta jam'iyyar. 'Yan Sawaba da yawa Kano suka fake, 'yan NEPU suka karɓe su. A 1964 suka gwada shigowa da makamai, abin bai yi ba, aka kashe wasu a bainar jama'a, aka cika gidajen kaso.

Zamanin Shugaba Diori lanho bai sassauta ba, har cikin farin da ya kashe dabbobi a farkon shekarun 1970 ana bin mutane. Wannan na cikin abin da ya sa da Seyni Kountché ya yi juyin mulki ranar 15 ga Afrilu 1974 mutane ba su yi kukan gwamnatin da ta faɗi ba. Shi ne kuma, soja, ba ɗan gurguzu ba, ya sauke wa talakawa harajin kai a ƙarshen shekarun 1970 da kuɗin yuraniyom suka shigo. Don haka Nura, ka lura: ƙasashe biyu, gwamnatoci masu bambancin aƙida, lokaci kusan ɗaya. Ku fetur, mu yuraniyom. Da gwamnati ta sami abin da ya fi kuɗin talaka auki, sai ta daina wahalar bin sa.

Malam Habibu:
Malam Isuhu ya taɓo inda nake son zuwa. Dogaro da kason tarayya bai jira Rimi ba. Gyaran 1976 ne ya sa ƙananan hukumomi cikin rabon kuɗin tarayya, kuma kafin 1979 kuɗin fetur sun riga sun shafe abin da haraji ke kawowa. Ku dubi jihohin da PRP ba ta taɓa mulka ba, har na Kudu: ƙananan hukumominsu ba jiran kason wata suke yi ba? Ciwon na ƙasa ne baki ɗaya.

Sannan an gwada abin da Nura ke nema. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1983, farashin mai ya faɗi, baitulmali ya bushe, gwamnonin soja na zamanin Buhari suka dawo da haraji da jangali a jihohin Arewa, ga kuɗin makaranta da sauran karɓe-karɓe. Talaka ya biya. Ya sami bakin tambaya? Wa zai tambaya, gwamnan soja? Biya kaɗai ba ya haifar da lissafi, sai in wanda ke riƙe da kuɗin ya san mai biyan na iya sauke shi.

Kuma kada a ɗauka gwamnonin nan sun soke haraji sun naɗe hannu. Rimi ya kafa hukumar yaƙi da jahilci ta manya a 1980, ya kafa jaridar Triumph, shi ya fara ba da hutun ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu a 1980 kafin tarayya ta bi. Balarabe ya kafa kwamitin binciken filaye don duba gonakin da aka ƙwace wa manoma, a jihar da lokacin ta haɗa har da Katsina. Sai dai majalisarsa jam'iyyar NPN mai mulkin tarayya ke da wajen kashi biyu cikin uku, suka ƙi amincewa da kwamishinoninsa har ya yi mulkinsa ba majalisar zartarwa, suka tsige shi ranar 23 ga Yuni 1981. Ko wata guda ba a yi ba, ranar 10 ga Yuli, bayan takardar tuhumar da gwamnatin Kano ta aika wa Sarki Ado Bayero, aka yi tarzoma a Kano, aka ƙona gine-ginen gwamnati da gidan rediyo, aka kashe Dokta Bala Muhammad mai ba gwamna shawara kan siyasa a gidansa.

Alhaji Tijjani:
Malam Habibu, a nan fa sai an faɗi gaskiya duka. Kisan Dokta Bala zalunci ne, Allah ya jiƙansa, ba mai hankalin da zai kare shi. Amma takardar da aka aika wa Sarki, da wa'adin kwana biyu ya ba da amsa kamar wani ƙaramin ma'aikaci, ta ɓata wa Kanawa da yawa rai, har da waɗanda suka dangwala wa makulli. Ga ƙirƙiro masarautun Gaya da Rano da Dutse da Auyo don a rage wa Kano girma, wanda Sabo Bakin Zuwo, shi ma ɗan PRP, ya rushe da ya hau a 1983. Talaka na ƙin zaluncin dagaci, amma bai ƙi sarauta ba. Wannan bambancin ne samarin da ke kewaye da gwamna ba su gane ba. Malam Aminu kansa ai bai tafi tare da su ba, shi ya sa PRP ta rabu Santsi na su Rimi da Taɓo na Malam.

Baba Audu:
Alhaji, rabuwar Santsi da Taɓo ba a kan Sarki ta fara ba. Ta fara ne a kan taron gwamnoni tara da Rimi da Balarabe ke zuwa tare da na jam'iyyun adawa UPN da GNPP, uwar jam'iyya ta ce su daina suka ƙi. Ni Taɓo na tsaya, don ban iya barin Malam ba, amma abokaina da muka sha ɗauri tare wasu Santsi suka bi, muka shekara ba ma gaisawa. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983 gidan a rabe. Har yau idan na tuna abin yana yi min ciwo.

A kan maganar talaka bai ƙi sarauta ba, na yarda da kai rabi. Mu ma ba mu ce a rushe fada ba. Mun ce sarki ya zama uba, ya bar kuɗi da shari'a da ɗauri a hannun waɗanda za mu iya cirewa.

Hajiya Rabi:
Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne masu cewa talaka ba ya biyan komai yanzu. Ku zo kasuwa ku gani. Mai tallan ganye a ƙasa ana yankar mata tikiti kullum. Mai Adaidaita na biya kullum. Buhun masara kafin ya taso daga ƙauye ya iso birni, shinge nawa ake tsayar da motar? Katin waya da sabulu da sukari duk akwai harajin gwamnati a cikin kuɗinsu. Ga kuɗin 'yan sintiri, ga na gyaran taransifoma, ga na rijiyar burtsatse da unguwa ke haɗawa da kanta. Biya dai ana yi, Nura. Wanda za a riƙe ne babu.

Nura:
Hajiya, wannan gaskiya ne, ni ma ina gani. To bari in juya tambayar. Baba Audu, kun ce burin NEPU shi ne hukuma ta koma hannun zaɓaɓɓu. PRP ta riƙe Kano shekara huɗu da 'yan watanni. Bayan an karɓe igiyar daga hannun dagaci, hannun wa aka miƙa ƙaramar hukumar? Ina tambaya ne don har a Yulin 2024 sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa gwamnoni su daina riƙe kuɗin ƙananan hukumomi, su daina naɗa musu shugabannin riƙo.

Baba Audu:
A nan ka kama ni da hujja mai ƙarfi, ɗana, kuma ba zan kare kowa ba. Daga 1979 har sojoji suka dawo ba a yi zaɓen ƙananan hukumomi ba. Gwamnonin NPN sun naɗa kantomomi, na UPN sun naɗa, namu ma na PRP haka suka yi. Aka ƙara yawan ƙananan hukumomi, kowane gari na murna ya sami sakatariya, amma wanda ke zaune a cikinta daga gidan gwamnati aka aiko shi. Mun yi shekara talatin muna cewa talaka ya zaɓi mai riƙe masa kuɗi, da dama ta zo hannunmu aka ce a dakata sai an gama da NPN, daga baya aka ce sai an gama da Santsi, su ma suna cewa sai an gama da Taɓo. Mun faɗa a taron jam'iyya a lokacin, aka ce mu yi haƙuri.

Soke haraji ban taɓa nadamarsa ba, ko yau aka dawo da shi a yadda na san shi zan fita da sandata in yi magana. Abin da nake riƙe da gwamnoninmu a kansa shi ne zaɓen nan da ba su yi ba. Bappa, maganar burtali da ka kawo ma a nan take: da akwai kansilan da makiyaya da manoma suka zaɓa da hannunsu tun wancan lokacin, da arɗo ya sami ƙofar da zai buga bayan ta hakimi ta rufe.

Bappa:
Haka ne Baba. A mazaɓarmu har yau ba a taɓa kai akwatin zaɓen kansila kusa da ruga ba, sai dai mu ji a rediyo an ce wane ya ci.